Allurar da Auta ba ta yi wa kuka ba

A gidanmu an daina ce wa yaro "za a yi maka allura" don a tsorata shi. Ni na hana, kuma a da ni ce na fi kowa faɗin hakan. Yaro ya ƙi cin tuwo, ko ya ƙi wanka, ko ya hau katanga, sai ka ji uwa ta ce, "Bari in kira mai allura." Haka aka yi mana muna ƙanana, haka muka tashi muna yi wa namu, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Sai da na ga abin da wannan magana ta yi wa babban ɗana a kan kujerar cire haƙori na gane cewa bashi na daɗe ina ci masa, ranar biya kuwa shi kaɗai ya biya.

Shekara huɗu ke nan da faruwar abin. Yana ɗan shekara bakwai matauninsa na ƙasa ta hagu ya yi kogo, ya hana mu runtsawa kwana uku. Ranar da za mu tafi asibiti na ce masa dubawa kawai za a yi, ba abin da za a taɓa. Ƙarya na yi masa, don in samu ya shiga adaidaita sahu ba tare da rigima ba. Muka tarar da layi har bakin ƙofa. Da aka zo kanmu, wanda ke aikin bai ko tambayi yaron sunansa ba. Ya leƙa bakin, ya ce sai an cire, ya ɗago sirinjin ƙarfen nan a gaban idonsa, ya matsa har ruwa ya yi tsartuwa. Yaron ya juyo ya dube ni. Wannan kallo har yau yana nan a raina.

Mu uku muka danne shi: ni a ƙafafu, wata ma'aikaciya a hannuwa, wani a kai. Aka tsira allurar, aka danna ruwan gaba ɗaya kafin mutum ya ƙirga goma, kuma ban gama share masa hawaye ba aka ɗauko filaya. Uwa ta san bambancin kukan tsoro da kukan zafi, na biyun ya yi. Washegari leɓensa na ƙasa ya kumbura suntum, cikinsa ya yi fari kamar an ƙona shi. Muka ɗauka allurar ce ba ta karɓe shi ba. Ashe shi ya yi ta taunar leɓen a hanyar gida don ba ya jin sa, ba kuma wanda ya gaya mana mu sa ido.

Tun daga ranar, ko warin asibiti ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ba ya faɗa idan haƙori na damunsa, sai dai in lura yana tauna ta gefe ɗaya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

To, bara da damina sai ga Auta, tana shekara shida da rabi, da nata matsalar. Nata matauni ne na sama ta dama. Alawar da ake sayarwa a ƙofar Islamiyya da lemon kwalba da babansu ke shigowa da shi da daddare sun yi aikinsu, ni ma kuma ban tsaya a kan goge baki kafin barci yadda ya kamata ba. Da farko ta riƙa cewa ruwan sanyi na shiga mata haƙori. Daga baya ta soma farkawa cikin dare tana dafe da kunci. Wata safiya na ga wani ɗan ƙurji ya fito a dasashin, daidai saitin haƙorin, kuncin kuma ya ɗan tasa.

Hajiya, surukata, ta ce, "Ku bar mini kishiyata ta huta, ai haƙorin nono ne, da kansa zai faɗi." Ta daka kanumfari ta cusa mata a kogon, zogin ya lafa na ɗan lokaci. Kanumfari ba abin rainawa ba ne. Man da ke cikinsa yana kashe zafi da gaske, likitocin haƙori ma har yau suna amfani da shi cikin wani abin cike kogo, shi ne ƙanshin nan da kake ji in ka shiga ɗakinsu. Amma lafar da zogi daban, warkar da ruɓa daban. Wata maƙwabciya kuma ta ce a ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙorin. Wannan kam na ƙi, domin ƙwayar ƙona dasashi take yi, ba ta kuma isa inda ciwon yake.

Maganar "zai faɗi da kansa" ita ce ke ruɗar da yawancinmu. Haƙoran nono ashirin ne. Na gaba su ne ke soma famfara wajen shekara shida zuwa bakwai, amma matauna suna nan daram sai yaro ya kai shekara tara zuwa sha biyu. Ke nan Auta za ta jira shekara biyu da rabi ko fiye da mugunya a bakinta, alhali haƙorin girman da zai gaji wurin yana kwance a ƙarƙashin saiwar wannan ruɓaɓɓen, mugunyar kuma na iya lahanta shi tun bai fito ba.

Wata abokiyar aikina a makaranta ce ta yi mini kwatancen wata likita da ta ce tana da haƙuri da yara. Muka je ranar wata Laraba da safe, gabana na faɗuwa fiye da na yarinyar.

Abin farko da ya ba ni mamaki shi ne, ba ni ta fara yi wa magana ba. Ta durƙusa daidai tsawon Auta ta ce, "Ƙanwata, wa ya yi miki wannan kitson?" Sai da suka gama zancen kitso da na makaranta sannan ta ɗago ta gaishe ni. Ta duba bakin da ɗan madubi, ta taɓa kuncin, ta ce, "Hajiya, haƙorin nan ba zai gyaru ba, sai an cire. Amma ba yau ba." Raina bai so ba, don izini na ɗauko daga wajen aiki, ga kuɗin mota. Ta yi mini bayani cewa inda mugunya ta taru naman wurin tsami yake yi, maganin kashe zafin kuwa ba ya ratsa jijiya sosai a cikin tsami, shi ya sa sau da yawa ake yi wa mai kumburi allura amma ya ci gaba da jin komai. Ni malamar kimiyya ce a ƙaramar sakandare, nan take na fahimce ta. Na kuma tuna cewa babban ma da kumburi muka kai shi. Ta rubuta magani, ta ce mu dawo bayan kwana biyar.

Ba ta sallame mu nan da nan ba. Ta ɗora Auta a kujerar, ta ba ta maɓallin ta ɗaga kanta sama ta sauke, ta miƙa mata madubi suka ƙirga haƙoranta tare, ta hura mata iskar ɗan bututun nan a tafin hannu har ta yi dariya. A lokacin na ɗauka wasa ne kawai irin na mai son yara. Daga baya na san cewa hanya ce da ake koyar da su: a faɗa wa yaro abin da za a yi, a nuna masa, sannan a aikata. Wani likitan haƙori mai suna Addelston ne ya rubuta ta tun 1959, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Za mu fita ta ja ni gefe ta ce, "Abu biyu nake roƙonki. Kada ki ce mata allura, kada kuma ki ce mata babu zafi." Na ce to me zan ce? Ta ce in gaya mata za a sa wa haƙorin maganin barci, in ya yi barci a girgiza shi ya fita. Na ce ai wannan ma kamar rufa-rufa ce, ni kuwa na riga na yi wa ɗaya ƙarya na ga sakamakonta. Ta ce ba ƙarya a ciki, abin da za a yi ke nan, an dai faɗe shi da kalmomin da ba a riga an cika su da tsoro ba. "In ta tambaye ki ko za ta ji wani abu, ki ce e, za ta ji kamar mintsini na ɗan lokaci, sannan wurin ya yi nauyi." Ta kuma ce in hana yayanta ba ta labarin nasa, in ba ta abin kari mara nauyi, mu zo da sassafe kafin gajiya da yunwa su kama ta.

Auta ta tambaya kuwa, daren da za mu koma. Na ba ta amsar yadda aka ce. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Umma, mintsinin ya kai na Yaya zafi?" Na ce bai kai ba. Ta juya ta yi barcinta.

Ranar cirewa, kafin komai sai da aka ɗora ta a sikeli: kilo 19. An tambaye ni ko tana da sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ko jininta na wuyar tsayawa in ta ji ciwo, ko wani magani ya taɓa ƙin karɓarta. Awon nauyin nan ba don cika takarda ba ne. Maganin da aka fi yin allurar haƙori da shi, lidoken, yana zuwa ne cikin 'yar kwalba mai mililita 1.8, kowace da miligiram 36 na maganin. Ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka ta sa iyaka a kan miligiram 4.4 ga kowane kilo na nauyin yaro. In ka lissafa wa mai kilo 19, bai wuce miligiram 84 ba, wato kwalba biyu da 'yar ɗoriya. Abin da babba zai ɗauka lafiya lau yana iya sa ƙaramin yaro jijjiga. Duk wanda zai yi wa ɗanka allurar haƙori bai tambayi nauyinsa ba, kana da damar ka tsayar da shi ka tambaye shi dalili.

Ni aka ba kujera a wajen ƙafafunta. Likitar ta ce in riƙe mata hannu sako-sako, kada in matse. Sai ta ƙara da abin da ya fi yi mini wuya: "Hajiya, ki ajiye sannunki sai mun gama." Mu Hausawa sannu a bakinmu take, yaro ko tuntuɓe ya yi kafin ya kai ƙasa mun jero masa uku. Amma in uwa na ta "sannu, sannu, yi haƙuri, an kusa gamawa" da murya mai rawa, abin da yaron ke ji shi ne lallai akwai wani mugun abu da ke tafe, tunda ga uwarsa ma ta tsorata. Na kama bakina.

Ta ce wa Auta, "Ƙanwata, ga dokarmu. In kin ji abin da ba ki so, ki ɗaga hannun hagu, ni kuma zan tsaya." Suka gwada sau biyu da madubi kawai a bakin. Auta ta ɗaga, likita ta tsaya cak. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka.

Daga nan ta ɗaga leɓen sama, ta goge dasashin da auduga har ya bushe, ta lakato wani man shafawa mai ƙanshin alawa a kan ɗan tsinke mai auduga a kai, ta manna a wurin, ta dubi agogon bango. Minti biyu cur ta riƙe shi. Man nan yana kashe saman fatar ne kawai, inda bakin allura zai fara taɓawa, kuma in wurin da yawu ko an yi gaggawar gogewa, ba abin da zai yi sai ɗanɗano. Ta ce mini ranar da man ya ƙare mata, ruwa take daskarar da shi cikin yatsan safar hannu ta ɗora ƙanƙarar a wurin na ɗan lokaci, shi ma yana rage jin sukar. (Irin wannan man, mai ɗauke da maganin kashe zafi da ake kira benzoken, ba na jarirai ba ne. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Masu saya a kemis don ciwon fitar haƙori su kiyaye.)

Sirinjin kuwa Auta ba ta gan shi ba sam. Ma'aikaciyar da ke taimakawa ta miƙo shi ta ƙarƙashin haɓar yarinyar, inda idonta ba ya kaiwa, tana faɗin, "Ga ta nan, ga ta nanku." Auta, baki a buɗe, ta yi ƙoƙarin amsawa. Aka shiga labarin Gizo da Ƙoƙi. Likitar ta kama kuncin da yatsu biyu, ta ja shi ya miƙe, tana girgiza shi a hankali kamar mai kaɗa ƙullu, sai ta jawo naman ya sauko kan bakin allurar. Idon Auta ya ɗan ƙifta. Hannunta da ke cikin nawa ya motsa, amma na hagun bai tashi ba.

Girgiza kuncin nan yana da tushe. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka yi bayanin cewa saƙon zafi da saƙon taɓawa kamar ƙofa ɗaya suke bi kafin su isa ƙwaƙwalwa, kuma in saƙon taɓawa da girgiza ya cika ƙofar, kaɗan ne na zafin ke samun wucewa. Kowace uwa ta san wannan a aikace: yaro ya buge goshi, hannunki ya riga bakinki zuwa wurin, kina murzawa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta danna ruwan. Na zuba wa babban yatsanta ido, kusan ba ka ganin yana motsi. Ta sa ɗigo kaɗan, ta dakata, ta ƙara shiga kaɗan, ta sake sa ɗigo. A zuciyata na karanta Ayatul Kursiyyu har ƙarshe, na kama Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ba ta zare ba tukuna. Gizo ya riga ya shiga gonar sarki kafin ta gama.

A da ina zaton duk zafin allura daga tsinin ne. Ashe tsinin shi ne ƙaramin ciki. Akwai zafin matsi: ruwa ne ake turawa cikin naman da ba shi da wurin ajiye shi, in an tura da ƙarfi sai ya buɗa naman da tsiya. Shi ya sa littattafansu ke cewa a tura kamar mililita ɗaya cikin minti ɗaya, kada kwalba guda ta ƙare a ƙasa da minti. Akwai kuma raɗaɗin maganin kansa. Ana haɗa lidoken da adirenalin, don ya tsuke hanyoyin jini maganin ya daɗe a wurin, jini kuma ya ragu. To adirenalin ba ya ajiyuwa sai cikin ruwa mai tsami. A ma'aunin tsami da muke koya wa ɗalibai, inda lamba ke raguwa in tsami ya ƙaru, jikin mutum yana wajen 7.4, wannan ruwa kuwa ƙasa da 5 yake, wani lokaci har kusan 3.5. In ya shiga a hankali, jiki na samun sararin kashe tsamin, ɗigon farko kuma ya riga ya kashe wurin kafin na biyu ya iso. Wasu likitocin suna gauraya shi da wani tsabtataccen sinadari dangin kanwa daf da za su yi allurar, kamar dai yadda muke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami.

Saura ɓangaren ganɗa, wanda shi ne kowa ke tsoro, har manya. Haƙorin sama ba ya ciruwa sai an kashe dasashin ta ciki ma, naman ganɗa kuwa manne yake da ƙashi, ba shi da sarari ko kaɗan, shi ya sa allurar wurin ke sa ƙato hawaye. Ita ba ta tunkari ganɗar kai tsaye ba. Ta jira mintuna har wajen kuncin ya mutu, sannan ta sa bakin allurar a ɗan naman da ke tsakanin haƙori da haƙori, ta ɓangaren da ya riga ya mutu, tana tura ɗigo-ɗigo har maganin ya ratsa zuwa ciki. Ta kira ni in leƙa ta madubi: naman ganɗar kusa da haƙorin ya yi fari, alamar maganin ya iso. Sai a cikin wannan farin ta ƙara ɗan abin da ya rage. Auta na can tana sauraron yadda Ƙoƙi ta gano Gizo. Duka abin da aka sa mata bai kai kwalba ɗaya ba.

Sannan aka sake jira. Ta ba ta madubi ta ga cewa kuncinta bai kumbura ba, nauyi kawai yake yi mata, don yara da yawa wannan baƙon yanayin ne ke sa su kuka, ba zafi ba. Ta taɓa dasashin da ɗan ƙarfe ciki da waje tana tambaya. Sai ta dafa kafaɗar Auta ta danna da ɗan ƙarfi ta ce, "Kin ji na danna? Da zafi?" Auta ta girgiza kai. "To haka za ki ji a haƙorin. Za ki ji ina turawa, za ki ji ƙara kamar an taka busasshen ganye. Wannan ba zafi ba ne. In kin ji zafi, ina hannunki?" Auta ta ɗaga shi. Maganin yana kashe zafi ne, ba ya kashe jin turawa, kuma yaron da ba a gaya wa haka ba, da ya ji an danna sai ya ɗauka zafin ne ya taho.

Sau ɗaya ta ɗaga hannun da gaske, ana tsakiyar girgizawa. Likitar ta tsaya nan take, ta fitar da komai daga bakin. Ashe yawu ne ya taru mata. Aka zuƙe, aka ci gaba. Ban san lokacin da haƙorin ya fita ba, sai gani na yi ana cusa auduga ana cewa ta cije. Cirewar kanta ba ta kai rabin lokacin da aka ɓata wajen allurar ba.

Daga baya aka nuna mata wani kati mai fuskoki shida, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye, aka ce ta nuna wadda ta yi kama da abin da ta ji. Ta ɗora yatsa a kan ta biyu.

Na daɗe ina tunanin bambancin ranakun nan biyu. Magani iri ɗaya ne, sirinji iri ɗaya. Lidoken ba sabon abu ba ne: wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Nils Löfgren, ya haɗa shi a 1943, kusan shekara sittin bayan Carl Koller ya nuna a 1884 cewa ana iya kashe zafin wuri ɗaya a jiki mutum yana farke. Akwai na'ura mai kwamfuta da ake kira The Wand, wadda ta fito a 1997, aikinta shi ne ta tura maganin a hankali da awo. Akwai iskar da ake shaƙa wa yaro don hankalinsa ya kwanta, akwai kuma yaran da dole sai an sa su barci gaba ɗaya a babban asibiti, kamar ƙanana sosai ko masu haƙora da yawa da suka lalace. Duk waɗannan suna da amfani, amma ko ɗaya babu a ɗakin da aka cire wa Auta haƙori. Auduga ce, da ɗan man shafawa, da agogon bango, da yatsan da ba ya gaggawa, da Gizo.

Na san halin da ma'aikatan asibitocinmu ke ciki. Likitocin haƙori sun yi kaɗan, layi ba ya ƙarewa, wani lokaci wuta ma babu. Wanda mutum talatin ke jiransa a waje, minti goma a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Ban riƙe wancan mutumin a zuciya ba, nawa laifin ma ya ishe ni. Duk da haka ban yarda cewa gaggawar na rage aiki ba. Lokacin da muka ɓata wajen kokawa da danne babban ya fi wanda aka ɓata wajen lallaɓa Auta, kuma an samar da yaron da zai yi ta gudun likita har sai ƙaramin kogo ya zama babban ciwo. Uwa ko uba na da ikon cewa, cikin ladabi, "Likita, don Allah a shafa masa man nan tukuna," ko "A ɗan jira wurin ya mutu." Ba rashin kunya ba ne. Ni a wancan karon ko tari ban yi ba, don ina ganin ba a yi wa likita magana.

Da za mu tafi ta jaddada mini abin da ba a gaya mini ba a karon farko. Auduga ta zauna a cije kamar rabin awa. Ranar ba kurkure baki, ba tsotsar abu da tsinken lemo, ba koko mai zafi, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Farasitamol daidai nauyinta, a ba ta tun maganin bai gama sakinta ba. Asfirin kuwa ba a ba yara. Washegari a soma kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. In jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo da kumburi, mu dawo ba jira. Sannan leɓe da kunci: awa biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, musamman in allurar ta muƙamuƙin ƙasa ce, yaro ba ya jin su, zai yi ta taunawa yana mintsini don abin na ba shi mamaki. A cikin adaidaita sahu na zaunar da ita a cinyata ina kallon bakinta har gida. Sau biyu na kama ta za ta ja leɓen da yatsa. Ta kuma ce mu riƙa zuwa ana duba giɓin, domin in an cire mataunin nono da wuri na kusa da shi kan matso su cinye wurin wanda zai fito.

An naɗe mata haƙorin cikin auduga ta taho da shi. Hajiya ta karɓa ta jujjuya, ta ga ramin da ke cikinsa baƙi ƙirin har saiwa, ta ce, "Ashe abin da ke cin kishiyata ke nan," ba ta ƙara cewa komai ba. Yaran gidan suka yi ta gargaɗin Auta ta rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, wai haƙori ba zai fito ba.

Da daddare ina ninke kaya a ɗakinsu, na ji babban yana tambayarta ƙasa-ƙasa, "Ke, tsakani da Allah, ba zafi?" Ta ce, "Akwai kaɗan, kamar mintsini. In ka ji, sai ka ɗaga hannu, ita kuma ta tsaya." Ya ce, "Da gaske take tsayawa?" Ta ce, "Wallahi. Na gwada ta."

Yanzu shekararsa sha ɗaya, kuma akwai kogo a haƙorinsa na girma, ɗaya daga cikin mataunan nan da ke fitowa a can baya tun yaro na shekara shida, waɗanda ba su da magaji in sun tafi. Na daɗe da sanin yana nan. Wata uku bayan na Auta na zaunar da shi, na ba shi haƙuri a kan ƙaryar da na yi masa, na kuma gaya masa duk abin da za a yi in mun je, har da allurar, don shi ya riga ya san sunanta. Bai amsa ba a ranar. Sai makon jiya, muna dawowa daga Islamiyya, ya ce in za a bar shi ya fara zuwa ya ga kujerar kawai, ba tare da an taɓa shi ba, zai je. Na kira likitar, ta ce mu zo ranar Talata da ƙarfe takwas, kafin layi ya taru.